Foldar da Ta Ƙi Bi Na Baure

Ba zan taɓa mantawa da abin da laftof ɗin ofis ta yi mini a gaban dattawa a ƙasar Baure ba. Na ce ta yi mini, amma in za a yi adalci, ni na yi wa kaina, ita baiwar Allah abin da na sa ta kawai ta yi.

Ni malamin dabbobi ne. Gidana a Daura, aikina kuma a rugagen da ke wajen Baure. A shekarar da abin ya faru, ciwon huhu ya fara taɓa shanu a maƙwabta, hankalin kowa ya tashi. Sai aka aiko mana daga sama cewa allurar rigakafi na zuwa, amma ba za ta wadaci kowa ba, don haka da takarda za a raba: kowace ruga, sunan arɗonta, da yawan shanunta. Rugar da ba ta cikin takarda, babu allura.

Wanda bai taɓa tambayar makiyayi yawan shanunsa ba, ba zai gane nauyin da aka ɗora mini ba. Ba a faɗa. Da kunya a ciki, da gudun baki, ga kuma tsoro mai dalili, don sun sha ganin mai biro ya zo da fara'a, bayan ya tafi mai karɓar haraji ya biyo sawunsa. Wata uku na yi a kan mashin ina bin rugage. Na sha fura har na fara jin ƙamshinta a gumina. Na yi rantsuwar da ban taɓa yi ba a rayuwata, cewa abin da kowa ya faɗa mini daga ni sai daraktan ofishinmu, ko maƙwabcinsa ba zai ji ba. Sai da babbansu, Arɗo Manu, wani dattijo siriri mai magana a hankali, ya yarda ya faɗi nasa, sannan sauran suka biyo baya. Ranar ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, mun ba ka amana. Kai kuma ka kawo mana allura."

Maman Ummi, matata, malamar makaranta ce, kuma ta fi ni saurin hannu nesa ba kusa ba (ni da yatsa biyu nake bugawa, kamar kaza na tsintar hatsi). Ita ta zauna ta buga jerin nan duka a kwamfutarta ta tebur da ke falonmu, ta sa shi a folda ta rubuta mata suna Shanu. Littafin da na yi rubutun hannu a ciki kuwa na cilla shi saman sif. Me mai laftof zai yi da littafi?

Laftof ɗin ba ta fi mako biyu a hannuna ba a lokacin. An ba mu ita ne tare da bitar kwana uku a Katsina, inda na ga mai koyarwa ya haɗa kwamfuta biyu ba waya ba igiya, ya buɗe fayil ɗin wannan a cikin waccan. Abin ya burge ni ƙwarai. (Rabin bayanin ya wuce ni ina layin shayi, amma wannan ban faɗa wa kowa ba.)

Ranar Asabar, saura kwana biyu taron rabon allurar, na ce yau zan shigar da jerin cikin laftof. Maman Ummi ta miƙo mini filash ta ce, "Abban Ummi, ga wannan, minti ɗaya ka gama."

Na dube ta irin duban wanda ya je bita. Na ce, "Filash cuta yake ɗebowa. Wannan kayan gwamnati ne. Yanzu an daina wannan, haɗa su ake yi ta wayifai."

Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Ta shige kicin.

Jama'a, na ga takaici ranar nan. Kwamfutocin nan biyu suna tebur ɗaya, tazararsu ba ta kai taƙi biyu ba, suna shan wayifai ɗaya, amma kowace ta rantse ba ta san da zaman 'yar'uwarta ba. Na danna nan, na danna can, na kashe na kunna. Da ƙyar laftof ta yarda cewa akwai wata kwamfuta a gidan, sai kuma ta ce in ba ta suna da lambar sirri. Na sa ta wayifai, ta ƙi. Na sa ta ofis, ta ƙi. Na sa shekarar haihuwata, na sa sunan garinmu, har lambar katin banki na sa don haushi. Sai da na shafe fiye da sa'a guda sannan Maman Ummi ta leƙo da ludayi a hannu ta ce, "Ko dai tawa take nema? Ai kwamfutata za ka shiga."

Na ce, "To me ya hana ki faɗa tun ɗazu?"

Ta ce, "Ba ka tambaya ba. Kuma ni ban je bita ba."

Ina gama sa lambar, aka ɗauke wuta. Kwamfutar tebur ta yi ɗif. Na fita na ja igiyar janareta har kafaɗata ta yi ƙara, ya tashi, ya yi tari, ya mutu. Na sake ja. Na dawo na tarar duk abin da na saita ya koma yadda yake. Abincin rana ya huce a gefena, na yi Azahar ina lissafin wane akwati ne ban danna ba (Allah ya yafe mini wannan sallar).

Bayan La'asar, ba tare da na san takamaiman abin da na taɓa ba, sai ga folda ta bayyana a laftof: Shanu. Na buɗe, ga sunan Arɗo Manu a sama, ga kowa a jere. Na jawo ɗan hoton foldar na ajiye a fuskar laftof yadda zan gan shi da na kunna. Na ƙwala wa Maman Ummi kira ta zo ta ga ikon ilimi.

Ta duba ta ce, "Ka dai kwafe shi ko?"

Na ce, "In kwafe me? Ba ga shi kina gani da idonki ba?"

Ranar Litinin na sa babbar rigata ta sallar Juma'a. A wata makarantar firamare aka yi taron, an jera benci a inuwar darbejiya, arɗoɗi kusan talatin suna zaune da sandunansu. Darakta ya iso daga Katsina da mota a-kori-kura, bayanta cike da kulolin allura a cikin ƙanƙara. Mutum ne marar yawan magana. Tare da shi akwai Malama Rabi, wadda ke riƙe masa takardu. Bayan gaisuwa da addu'a ya ce mini, "Malam, ba mu jerin. Ƙanƙara ba ta jira, kuma ana jiranmu a wajen Dutsi. Da an yi Azahar za mu wuce."

Na ce, "Ranka ya daɗe, an gama."

Na zuge jaka a hankali don kowa ya gani. Na buɗe laftof, na gyara hannun riga, na danna Shanu sau biyu. Wani ɗan zobe ya fara juyawa. Ya juya, ya juya, sai ga wani akwati da Turanci yana cewa bai ga inda na aike shi ba. Na yi murmushi na sake dannawa. Haka dai. Na kashe na kunna. Haka dai. Hoton foldar yana nan yana kallona, da sunansa da komai, amma ciki babu ko ɗan maraƙi.

Darakta ya dubi agogo.

Na ce, "Matsalar sabis ce, ranka ya daɗe. Yanzu zai kama."

Na ɗauki laftof a buɗe na fita daga inuwa. Na yi gaba, na yi baya, na je bakin katanga. Su kuwa dattawa abin bai ba su mamaki ba, don haka kowa ke yi da wayarsa a ruga. Wani ya ce, "Malam, ka ɗan juya gabas, ta can muke samu." Wani ya nuna mini suri da sanda ya ce kan wancan ba ya ƙin kamawa. Na ce musu a'a, ni Daura nake nema, yamma zan fuskanta. Da na ga ƙasa ba ta yi ba, sai na tattare babbar riga na haye bayan motar darakta, na taka tsakanin kulolin allura, na ɗaga laftof sama da hannu biyu, na fuskanci Daura. Haka na tsaya, magidanci mai 'ya'ya huɗu, rana na dukan ƙeyata, iska na kaɗa rigata, ina leƙen allo ta ƙasa ko zoben ya daina juyawa.

Malama Rabi ce ta tako har gindin motar. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Malam, don Allah a ina fayil ɗin yake tun asali?"

Na ce, "A kwamfutar gida. Na haɗa su."

Ta ce, "To ai yana can. Wayifai na gidanka iyakarsa ƙofar gidanka. Taga ka buɗe tsakanin ɗaki biyu, ka ɗauko tagar ka taho da ita, ɗakin yana Daura."

A hankali ta faɗa, Allah ya saka mata. Amma wurin ya yi tsit, kuma Arɗo Manu ya tambayi darakta me malama ta ce. Darakta bai yi kwana-kwana ba. Ya ce, "Ya baro shanunku a Daura."

Da sun yi dariya da ya fi mini sauƙi. Ba su yi ba. Wasu suka ja rawani suka rufe baki, wasu suka duƙar da kai suna zane a ƙasa da sanda. Ni kuma ga ni a sama, saukowa ma sai da direba ya riƙe mini laftof.

Na kira Maman Ummi, wayarta a kashe, tana aji. Ko da ta ɗauka ma, wa ya san ko akwai wuta? In je Daura in dawo kuwa, an daɗe da yin Azahar. Darakta ya ce, "Malam, ba ni da ikon sauke kwalba ɗaya babu takarda. In babu, sai dai in wuce da ita."

Nan haushin kwamfuta ya bar ni, tsoro ya maye gurbinsa. Na dubi mutanen nan da suka baro shanunsu tun hantsi saboda maganata. In ciwo ya shigo musu, ba don babu allura ba ne, ga ta nan na gama takawa. Saboda girman kaina ne. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Arɗo Manu ya miƙe ya yi wa 'yan'uwansa magana da Fulatanci, suka ɗan yi ƙus-ƙus. Sannan ya ce wa darakta, "Ranka ya daɗe, a buɗe mana mu ga allurar." Aka buɗe kula ɗaya. Ya leƙa, ya taɓa kwalba da yatsa, ya gyaɗa kai. Ya ce a kai kujera bayan aji, darakta da malama su zauna, kowane arɗo zai je shi kaɗai ya faɗi nasa. Ni kuma aka ba ni aikin tsayawa a kusurwa kada wani ya matsa ya ji na wani. Daga mai jeri na koma mai gadi.

Kafin a kira salla sun gama, da biro da takardar da aka yago daga littafin malama. Darakta ya yafito ni ya ce, "Jimillar shanu nawa ke cikin jerinka?" Na faɗa. Ya juyo mini da takardar. Sai da na duba sau biyu. Ta kusa ninka tawa.

Na juya na dubi Arɗo Manu. Wata uku! Fura, rantsuwa, faɗuwa a yashi da mashin! Ko kunya bai ji ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, kada ka ji haushi. Ranar da ka zo, biro muka gani. Yau allura muka gani." Ya ƙara da cewa, "Da akwatin nan naka ya buɗe, da rabin shanunmu ba su samu ba. Allah ya yi masa albarka."

Dattawa suka amsa da amin, har da shafa fuska.

Da sabuwar takardar aka raba allura. Ni kuma na kama hanyar Daura. Ina shiga gida na buɗe laftof don in ƙare mata kallon haushi, ko takalmi ban cire ba foldar ta buɗe tar, kowa da rabin shanunsa a jere.

Darasi biyu na ɗauka. Na farko, kafin ka bar gida da laftof, kashe wayifai ka ga abin da ya rage maka, shi ne naka. Na biyun ya fi ciwo, don har yau ban gama haɗiye shi ba: a duk shekarun da na yi ina yi wa makiyayan nan aiki, babu abin da suka fi gode mini a kai kamar ranar da na kasa yin aikina. Ko watan jiya da na je rugar, Arɗo Manu ya gabatar da ni ga wani baƙonsa, ya ce, "Ga malaminmu. Mutumin kirki ne. Shi ne wanda Allah ya taimake mu akwatinsa ya ƙi buɗewa."