Yadda Za Ka Zaɓi Tabarau Ba Tare da Ka Yarda Idonka Ya Tsufa Ba

Ɗan'uwa, gyara zama. Idan kwanan nan ka lura masu ƙera allura sun fara ha'inci suna rage wa kafarta faɗi, idan kuma sai ka miƙe hannu iyakar tsawonsa kafin ka gane mai kiranka a waya, to darasin nan naka ne. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan daki-daki, za ka mallaki tabarau ba tare da bakinka ya taɓa furta "ba na gani" ba. Ni tela ne, shekara ashirin da shida ina taka keke, kuma kowane mataki a kan idona na gwada shi.

Mataki na 1: Nemo mai laifi

Ido ba ya laifi. Laifin ƙwan fitila ne, canza shi. In bai yi ba, laifin zare ne, don zaren zamani duk gashi ne.

Za ka iya zama a wannan mataki har ƙarshen rayuwarka, sai dai in Allah ya haɗa ka da irin shugabar makarantar da nake ɗinka wa ɗalibanta yunifom. Wata Litinin ta shigo shagona ta shimfiɗa riga a kan teburin yanka. Bakin aljihun ƙasa yake kallo.

"Baba Tela, wannan fa?"

"Sabon yayi ne, Malama. Ɓarawo ba zai san ta inda zai sa hannu ba."

Ko murmushi ba ta yi ba. "Riga goma sha ɗaya ce haka. Ka je a duba maka ido. Na ba ka mako biyu. In ɗinki ya sake zuwa a karkace, zan ji kunyarka, amma wallahi wani zan kai wa."

Ba zan ɓoye maka ba. Aikin makarantar nan shi ne shagon, sauran duk gyaran zif ne da rage tsawon wando.

Mataki na 2: Kauce wa asibiti, nufi bakin titi

A asibiti ana tambayar shekaru. Mai tabarau na bakin titi kuwa ba ruwansa, yana ganinka zai ce maka "matashi". Kada ka zaɓi wanda kake gani da shi, zaɓi wanda za a gan ka da shi. Ni baƙi wuluk na ɗauka.

"Yallaɓai, ka iya zaɓe," in ji mai tabarau. "Wannan yana tare rana, yana tare ƙura, yana tare bakin mutane."

Gaskiyarsa, har ɗinkin da ke gabana ya tare. Kafin azahar na haɗa hannun rigata da wandon mutane na ɗinke tsaf, sai da almakashi aka raba mu.

Mataki na 3: Ara

Masu ilimi sun ce kowane ido da lambarsa. Ƙyale su. Ido dai ai ido ne, biyu gare ka, biyu gare shi. Na ari na maƙwabcina mai aski, ina ɗorawa ƙasa ta taso ta tarye ni, ƙofar shago ta koma can gefe. Na yi sallama da sandar fitilar titi, har na tambaye ta iyali.

Mataki na 4: In an ja ka asibiti, ce rakiya ka yo

Saura kwana tara wa'adi ya cika, mai ɗakina ta ɗauki mayafi ta tsaya a bakin ƙofa. Irin wannan tsayuwa ba a musu da ita. Amma a layin asibiti, duk wanda ya kalle ka, nuna ta da haɓa ka ce, "Ita ce ba ta gani sosai, baiwar Allah." In an kira sunanka, waiwaya kamar kai ma kana neman mai sunan.

Mataki na 5: Riƙe tarbiyyarka

Nan ne wajen da ake gane ɗan mutunci. Likitar yarinya ce sa'ar 'yata. Ta zaunar da ni, ta ɗora mini wani firam na ƙarfe mai nauyin tsiya, ta zura gilashi a ciki, ta nuna allon haruffa.

"Baba, yaya yanzu?"

To, kai ma ka sani, tun da aka haife mu, in likita ya tambayi mutum yaya, amsa ɗaya ce.

"Da sauƙi, Likita."

Ta canza wani. Haruffan suka narke suka zama tururuwa.

"Yanzu fa?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Ta sake canzawa. Allon ya rabu biyu, kowane ya kama gabansa.

"Da sauƙi ƙwarai. Allah ya yi miki albarka."

Yarinya tana ta wahala a kaina, da wane baki zan ce mata aikinta bai yi ba? Gilashi tara ta gwada, sauƙi tara na ba ta. A na goma duniya ta yi duhu ɗif.

"Wannan fa, Baba?"

"Kai, wannan ai ya fi su duka sauƙi."

Ta zare shi ta nuna mini. "Baba, murfi ne. Rufe maka idon na yi."

Mai ɗakina ta kifa kai a cinya, kafaɗunta na rawa. Da ta samu numfashi ta ce, "Likita, ko mota ce ta bi ta kansa, da sauƙi zai ce miki. Bar tambayar bakinsa, tambayi hannunsa." Ta buɗe jaka ta zaro allura da zare.

Ɗan'uwa, caje jakar matarka tun daga gida. Ni ban yi ba. Gilashin farko, zare ya wuce ta dama. Na biyu, ya wuce ta hagu. Na uku, sai ga kafar allura ta buɗe a gabana wayam kamar ƙofar gareji, zare ya shige sul. Na miƙe tsaye da ƙarfen a hanci na yi ihu, "Ta dawo! Kafar ta dawo!" Har mai gadi sai da ya leƙo.

Mataki na 6: Karɓi komai, ka sa masa suna

Yanzu za a jero maka kaya. Akwai mai hawa biyu, sama na hangen nesa, ƙasa na aikin kusa. Akwai mai yin duhu da kansa in ka shiga rana. Akwai mai kashe ƙyallin fitila. Akwai na roba da ba ya tarwatsewa in allura ta karye ta yi tsalle. Wannan na ƙarshe shi ne mai cetonka. Duk wanda ya ce, "A'a, Baba Tela, an fara sa tabarau?" ka ɗaure fuska ka ce, "Na kariya ne. Likita ta ce idona ya cika kaifi, a adana shi."

Firam kuwa, ɗauki wanda ba ya zamewa in ka sunkuya kan keke. Kuma kwana ukun farko da mai hawa biyu, kada ka sauka matakala a gaban jama'a, don za ka riƙa ɗaga ƙafa kamar mai tsallake kwata.

Mataki na 7: Kada ka kalli kowa

Riguna arba'in na kai ranar da wa'adi ya cika. Shugabar makaranta ta juya su ciki da waje, ta ja aljihu, ta ja maɓalli, sannan ta ce, "Na 'yan aji uku yaushe za ka zo awo?" A hanyar dawowa kaɗan ya rage in yi rawa.

Kuskurena ɗaya, na ɗaga kai. Ga mai aski da rigar da na ɗinka masa, maɓallai suna hawa tudu. Ga mai shagon kusa da nawa da wando ƙafa ɗaya tana gaida ƙasa, ɗaya tana shan iska. Rabin unguwa a karkace take yawo, kuma kowannensu ranar karɓa cewa ya yi, "Ya yi kyau, Baba Tela."

Na shiga gida ina dariya zan ba da labari, na tarar da mai ɗakina tana shanya. Rigar jikinta hannun dama ya fi na hagu tsawo da kusan inci uku, ta naɗe shi sau biyu, wajen naɗin har ya koɗe.

"Wane mugun ne ya ɗinka miki wannan?"

"Telana," ta ce, ba ta ko juyo ba. "Shekara biyu ke nan. Ita nake sawa in zan fita, don a san wa ke mini ɗinki."

Na daina dariya. Kunya ta kama ni, da wani abu da ya fi kunya daɗi.

"Kawo in gyara."

"Taɓa ta ka gani."

Sanarwa

Mai wannan darasi ba shi da hannu a cikin duk abin da ya biyo baya. In ka gaida sandar fitila, kai da ita. In ka ɗinke kanka da kayan mutane, nemi almakashinka. In kuma ka sa tabarau ka ga abin da ake ta ɗauke maka kai a kansa shekara da shekaru, har gilashin ya yi hazo, kada ka zo shagona neman bayani. Ni ma cewa na yi gumi ne.