Wata Uku Ba Dunƙule a Gidana

Komai zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da taron da aka yi a garin Zinyau ba. Lokacin ina cikin waɗanda aka ɗauka a Rano su wayar da kan manya su rage gishiri, mai da dunƙulen miya saboda hawan jini. Horon kwana uku kacal aka ba mu a Kano (amma na dawo ina taku kamar ni na gina asibitin).

Ina sauka na kafa doka a gida: daga yau ba dunƙule, daddawa ta isa. Maiɗakina Rabi ta ce to. Wata uku ina shan miya ina santi, ina jinjina wa kaina.

Ranar taron, shugabar shirin ta zo daga Kano don ta zaɓi wanda zai riƙe shirin a Rano da Kibiya, har a ba shi babur. Ni kuwa tuni na gama hawan babur ɗin a zuciyata. Maza na gaba, mata na bayan zana kamar yadda aka koma yi tun zuwan shari'a. Rabi na cikinsu, don ni na matsa ta zo ta ga yadda mijinta ke zuba ilimi.

Ina cikin zubawa sai wani dattijo, Malam Isa, ya ce, "Ɗana, mu fa mun gwada. Miya ba dunƙule ba ta haɗiyuwa."

Na yi murmushin masana. "Baba, sabo ne kawai. Wata uku rabon da a sa shi a gidana, kuma miyar ta fi ta da daɗi. Ga mai dafawar can, a tambaye ta."

Wallahi ba wanda ya aike ni.

Wata tsohuwa ta ɗaga murya daga bayan zana: "'Yar nan, tsakaninki da Allah me kike sawa? Koya mana."

Sai Rabi ta ce a hankali (a hankalin da kowa ya ji), "Iya, tunda kin haɗa ni da Allah, ranar farko na yi yadda ya ce. Loma biyu ya yi, ya ture kwanon ya nufi wajen mai tsire. Tun daga rana ta huɗu nake jefa dunƙule uku."

Tsohuwar ta ce, "Da can fa, nawa kike sawa?"

"Biyu."

Bayan zana ya kece da dariya, maza suka ɗauka. Malam Isa kaɗai bai yi ba, ya dube ni ya ce, "Allah ya ƙara sabo." Na ji kunya har hulata ta yi mini nauyi. Shugabar ta ce in miƙo hannu a auna jinina a gaban jama'a, don misali. Aka auna ni, aka auna Malam Isa: jinina ya fi na dattijon hawa.

Babur dai wani mutumin Durba ke hawansa. Ni kuma yanzu da gaske na rage dunƙule, kuma sai da na yi makonni ina ɓata fuska kafin harshena ya yarda. Abin da na koya: in ka kafa doka a madafa, ka ji miya ta ƙara daɗi, kada ka kira taro. Fara tambayar mai dafawa, ku biyu, a ɗaki.