Yadda Bakina Ya Ci wa Suwaiba Shekara Guda

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa sun wuce, amma ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da aka zo neman auren ƙanwata Suwaiba ba. Har yau idan abin ya faɗo mini ina cikin sallah, sai in rasa raka'a ta nawa nake.

Bari in fara da tushen laifin. Ni ma'aikaci ne a wani ƙaramin otal a unguwar Aziziyya da ke Makka, a teburin karɓar baƙi nake zama. Duk wanda ya san Aziziyya ya san da zarar alhazai sun watse, unguwar sai ta koma kamar gidan da aka gama biki, rabin shaguna a rufe, mu kuma muna zaune muna hamma. A irin wannan zaman kashe wandon ne na kamu da kallon wasan hoki na ƙanƙara. Wani alhaji ne daga Kanada ya fara nuna mini a wayarsa, ya tafi abinsa ya bar ni da ciwon. Ka duba ka gani: ƙato ɗan shekara arba'in da ɗaya, haifaffen Makka, wanda bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai a cikin kofin lemo, ya duƙufa yana kallon Turawa suna sulɓi da sanduna a hannu. (Ina jin zafin garinmu ne ya ja ni. Idan rana ta take, kallon farin filin nan kaɗai sanyaya mini ƙirji yake yi.)

Abin da ya fi burge ni ma ba wasan ba ne, cinikin 'yan wasan ne. A can ƙungiya tana iya wayar gari ta musanya ɗan wasanta da wani, ya kwashi iyalinsa ya koma garin da ko a mafarki bai taɓa zuwa ba. Amma manyan cikinsu suna da gata, akan ba su dama a cikin yarjejeniya su rubuta sunayen garuruwan da ba za a tura su ba. Masu kallo kuwa ba su da aiki sai gardamar wane gari aka fi gudu. Na karanta gardamar nan har na haddace ta, na tsara nawa jerin daga na biyar zuwa na ɗaya, da hujjoji. Matsalar ita ce ba ni da wanda zan faɗa wa. Matata ta ce in na ƙara ambaton hoki a kan abinci za ta koma cin nata a kicin. Abokan aikina kuma ƙwallon ƙafa suka sani. Ilimi ya taru mini a ciki ya rasa ƙofar fita.

Ita kuwa Suwaiba malamar makarantar 'yan mata ce, a lokacin shekararta talatin da uku. Shekara shida ta yi tana jinyar Abbanmu, ita ce ɗaga shi, ita ce kwantar da shi, ni ina leƙowa ranar Juma'a da ledar lemo ina karɓar addu'a. A cikin shekarun nan manema sun zo sun gaji sun tafi. Bayan Abba ya rasu sai Allah ya kawo Idris, yayan wata abokiyar aikinta. A unguwar Jarwal, nan cikin Makka, ya tashi, danginsa ta Cadi suka shigo, amma ya daɗe da komawa Kanada, yana gyaran na'urorin asibiti. Suwaiba tana son sa. Ba ta taɓa furta mini ba, amma ni na ga yadda ta koma dariya.

Ummi ce ta ƙi. Ta ce kakanninmu shekara bakwai suka yi a hanya da ƙafa don su mutu a Makka, ita ba za ta ɗauki 'yarta ta jefa bayan duniya ba. Wata takwas Suwaiba ta yi tana lallashinta, a hankali, kamar mai cire ƙaya daga ƙafa. Daga ƙarshe Ummi ta sauko, da sharaɗi ɗaya: ni, waliyyi, in je in bincika. Na je Jarwal na tambayi limamin masallacin su Idris, na tambayi masu shago biyu, kowa ya yabe shi. Na dawo na ce wa Ummi na bincika komai, ta kwantar da hankalinta.

Ban tambayi sunan garin da yake zaune ba. Ko a raina bai zo ba. A gidanmu Kanada gari ɗaya ce, kamar yadda mutanen gida, can ƙasar kakanninmu, suke ɗaukar duk Saudiyya Makka ce. Suwaiba ta san sunan, amma tana sane ta bar maganar a Kanada, domin ta san uwarta.

Ranar aka tsayar za a karanta Fatiha a ba da ita, a ɗaura aure bayan mako guda, kafin hutun Idris ya ƙare. Suka iso bayan sallar la'asar: Baffa Haruna, ƙanin mahaifin Idris, dattijo mai sayar da turare, da yayan Idris, da shi Idris ɗin. (A gida ango ba ya zuwa irin wannan zama, amma mu a nan mun ɗauki al'adar mutanen Hijaz.) Muka zauna a majalisi, aka kawo gahawa da dabino. Mata suna ɗakin da ke kusa, an bar ƙofar a ɗan buɗe don Ummi ta ji Fatihar da kunnenta. Kawunmu kawai muke jira, ya taso daga Jidda, cunkoson hanya ya riƙe shi.

Aka gama gaisuwa, aka tambayi lafiyar kowa sau biyu, sai shiru ya sauka. Ni kuma Allah ya yi ni da tsoron shiru. Na dubi Idris, sai zuciyata ta ce mini: ga mutumin Kanada a gabanka, yau ranarka ce. Na tambaye shi ko yana kallon hoki. Ya yi murmushi ya ce jefi-jefi, a wurin aiki ba a magana sai ta shi. Wannan kalmar kaɗai nake jira.

Na gyara zama, na ajiye finjalin gahawa. Na fara yi wa Baffa Haruna bayanin yadda ake musayar 'yan wasa, da takardar da manya suke rubutawa. Dattijon yana gyaɗa kai don kara, yana jan carbinsa. Daga nan na ɗaga hannu na shiga lissafi da yatsu. Na ambaci Ottawa, na ce shiru ya yi mata yawa. Na ambaci Buffalo, na zuba mata dusar ƙanƙara har wuya. Na bi ta kan Calgary, na ba Edmonton nata rabon, na ce rana ma a can da wuri take tashi daga aiki. Yayan Idris ya yi tari. Na zaci dabino ne ya shaƙe shi, har na miƙa masa ruwa.

Sai na zo kan na ɗaya, kuma na ɗaga murya, don na san nan ne gwanintata take. Na ce Winnipeg. Na ce garin da sanyinsa yake daskarar da hawaye a kan kunci, garin da sai an jona mota da lantarki kafin ta yarda ta tashi da safe, ga shi a tsakiyar fili, babu wani babban gari kusa da shi. Na ce mutanen da aka haifa cikin ƙanƙara, suka yi arziki da ƙanƙara, su ma sunansa suke fara rubutawa a takardar. Da na tsaya a nan da sauƙi. Amma sai na juya ga Idris ina dariya na ce, "Kai ai ka fi ni sani, ya akhi. Wa zai zauna a Winnipeg in ba wanda ya rasa wurin zuwa ba?"

Babu wanda ya yi dariya. Carbin Baffa Haruna ya tsaya. Idris ya dubi finjalin da ke hannunsa na ɗan lokaci, sannan ya ɗago.

"Yaya, shekarata tara a can," in ji shi.

Na so in ce wasa nake, amma magana ta riga ta fita. Shi kuwa bai ɗaga murya ba, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ya ce, "Kuma gaskiya ka faɗa, na rasa wurin zuwa ne. A Jarwal aka haife ni, amma da mahaifina ya rasu, iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan, ta bi shi. Na nemi wurare da yawa, garin nan ne kaɗai ya amsa mini. Su waɗancan suna da takardar da za su rubuta inda ba sa so. Ni ba a taɓa tambayata ba. Akwai sanyi, ban musa ba. Amma a can na fara barci ba tare da tsoron a buga mini ƙofa ba."

Ni ɗin nan da aka haife ni da takardun ƙasa a hannu, ban taɓa kwana da irin wannan tunanin ba ko sau ɗaya. Na sunkuyar da kai ina kallon zanen darduma. Ina cikin neman kalmar ba da haƙuri sai na ji an ƙwanƙwasa ƙofar nan da aka bari a buɗe, sau biyu, da zobe. Na san bugun Ummi.

Na same ta a tsaye a lungu, ta dafa bango. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Garin da 'ya'yan ƙasar ma suke gudu, can za ka kai mini yarinya? Ba kai ka ce mini ka bincika ba?" Na ce Ummi maganar 'yan wasa ce, masu kuɗi ne da suka saba da gata. Ta ce ita da kunnenta ta ji, daga bakin ɗanta, kuma ba ta taɓa jin na yi bayanin wani abu da ilimi haka ba. Halas, magana ta ƙare, yau babu Fatiha.

Haka na koma majalisi da ƙafafuna na faɗa wa baƙi a ɗan dakata. Baffa Haruna ya ce babu komai, komai da lokacinsa, ya miƙe yana neman takalminsa. Kawu ya iso daga Jidda da sabuwar riga, suka yi kiciɓis a bakin ƙofa, yana shigowa suna fita.

Suwaiba na samu a kicin tana mayar da kayan zaƙin da ba a taɓa ba cikin kwali, ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya a bakin ƙofa kamar wanda ya zo bara. Ba ta juyo ba. Ta ce, "Yaya, shekara shida ban nemi komai a wurinka ba. Yau ɗaya, zama kawai za ka yi ka yi shiru." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa jin na tsani kaina haka ba.

Washegari na tafi Jarwal na ba Idris da Baffansa haƙuri. Sannan na yi abin da ya kamata in yi tun farko: na zauna na tambaye shi garinsa. Ya ce akwai masallatai, akwai 'yan Sudan da 'yan Najeriya, akwai maƙabartar Musulmi, akwai matan da za su riƙe Suwaiba kamar 'yar'uwa. Na kwaso duk wannan na kai wa Ummi. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce shaidata ta riga ta faɗi, wanda ya ce ya bincika bai bincika ba, ba a sake aikensa. Hutun Idris ya ƙare, ya hau jirgi shi kaɗai.

Ummi da kanta ta yanke yadda za a yi. Ta ce Idris ya riƙa kiranta ta bidiyo kowace Juma'a, daga waje ba daga cikin ɗaki ba, tun farkon sanyi har ƙarshensa. In ta ga ya fita da ransa da lafiyarsa, za ta sake tunani. Bawan Allah bai tsallake Juma'a ko ɗaya ba. Yakan tsaya a ƙofar gidansa, gemunsa fari fat da ƙanƙara, hayaƙi yana fita daga bakinsa, yana cewa, "Ummi, ina wuni, ya zafi?" Ita kuma tana zaune a ƙarƙashin fanka tana ƙare masa kallo. Wajen Juma'a ta goma ta fara yi masa faɗa ya rufe kunnuwansa. Da na ji haka na san an gama, amma sai da ta cika sharaɗinta har ƙarshe, sannan aka jira hutunsa na gaba.

An ɗaura auren bayan shekara guda da 'yan kwanaki. Mutane suna cewa ai komai ya zo da alheri, Ummi ta san surukinta fiye da yadda uwaye suke sanin nasu. Ina jin su, amma ba na yarda su wanke ni. Mace mai shekara talatin da uku, wadda ta riga ta ba da shida, na ƙara mata ɗaya don kawai in nuna na san wani abu. Ba shekarata na kashe ba, tata ce.

A filin jirgin Jidda ne ta yafe mini, irin yafiyar Suwaiba. Ta rungume Ummi sun daɗe suna kuka, sannan ta juyo gare ni tana share ido ta ce, "In za ka zo ziyara ka taho da rigar sanyi mai kauri. Bakin nan kuma ka bar shi a Makka."

Darasin da na samu ba mai zurfi ba ne, abin kunyar ma shi ne sai da na kai arba'in da ɗaya na koye shi. Duk garin da ka ji ana gudu, akwai wanda da addu'a ya shige shi. Don haka kafin ka fara raba wa garuruwan duniya lamba, ka tambayi wanda ke zaune kusa da kai inda yake kwana. In kuwa ba za ka iya tambaya ba, ga dabino nan a gabanka, ka cika bakinka da shi.