Ranar da Na Goge Tarauni da Hannuna

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da wasan kwamfuta ya sa na durƙusa wa soja.

Lokacin ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba, kullum ana raɗe-raɗin sojoji za su dawo. Ni kuwa ina tsare wa yayana shagonsa na buga takardu a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi cikin Kano. Akwai wani wasan yaƙi a kwamfutar, irin wanda ake jera runduna a ci gari. Taswirorin da suka zo da shi duk ƙanƙara ce da dazuzzukan Turawa, har suka fita daga raina. Da na gano wurin da mutum zai zana tasa, sai na duƙufa na gina unguwarmu, titi da kwalbati, har rumfar mai shayi. Na rubuta Tarauni da Hotoro ɓaro-ɓaro, na zagaye su da tankokin yaƙi. (Ni da ko kaza ban iya yankawa ba.)

Wata rana da hantsi ina tsaka da kai hari, sai na ji mutum tsaye a kaina. Ina waigawa na ga kaki. Soja ne, ya ƙura wa taswirar ido.

"Wa ya zana wannan?"

Mu da muka tashi a zamanin mulkin soja mun san abin da ake yi wa wanda aka kama da shirin juyin mulki. Har na hango Inna tana yawon nemana bariki-bariki. Nan take na goge taswirar, na fizge wayar wuta, na zube ƙasa.

"Ranka ya daɗe, wallahi ni ko zaɓe ban yi ba!"

Duk wannan a gaban wasu 'yan mata masu koyon aikin jinya, da ke jiran fotokwafi.

Sojan ya ce, "Malam, tashi mana! Ni ma ina buga wasan nan, ƙanƙarar ce ta gundure ni. So nake ka kwafa min a faifai in kai wa abokaina."

Na ce ai na goge.

"Duka? Har kwalbatin?" Ya girgiza kai. "Kai dai an yi matsoraci."

Ya fice, 'yan matan na ta dariya har da riƙe ciki. Daga ranar na koyi barin mutum ya faɗi abin da ya kawo shi kafin in amsa laifi. Taswirar kuwa na sake zana ta, sai dai inda Tarauni take na rubuta Landan.