Ranar da Na Buɗe Wayar Inna

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka kai ƙanwata Saratu gidan miji, duk da na sha roƙon Allah Ya mantar da ni. Yanzu 'ya'yanta uku, amma har gobe in abin ya faɗo mini a rai ina cin abinci, sai in tsame hannuna.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Gummi, gida kuwa Adabka, inda Inna take zaune da Saratu, autarmu. Ni ne ɗan fari, ni ne kuma na yi boko mai ɗan nisa a gidanmu, don haka duk abin da ke da maɓalli ni ake kawo wa: rediyo, tocila, agogo, waya. Har Injiniya ake ce mini a unguwa, ni kuma ina amsawa ba kunya (iyakar injiniyancin nawa in cire batir, in hura, in mayar). Abin haushi, sau da yawa sai abin ya tashi, kaina ya ƙara girma.

Babanmu ya rasu shekara biyu kafin bikin. Da ciwo ya ci ƙarfinsa, ya ga alamar ba zai ga auren autarsa ba, sai wata safiya ya ce in kawo masa wayar Inna. A gidanmu ba a fita da amarya sai ta durƙusa gaban mahaifinta ya yi mata nasiha, ya sa mata albarka, shi ne ya ce zai yi tasa tun da sauran numfashi. Na danna masa wajen ɗaukar murya, na ajiye wayar kusa da bakinsa, ya ce in fita in ja ƙofa. Da ya gama ya kira ni na adana, sannan ya sa na kira Inna, ya dube ta ya ce, "Kada kowa shi saurara sai ranar da za a kai ta. Har ke."

Inna ta riƙe wannan magana gam. Saratu ta yi roƙo, ta yi kuka, a tura mata a wayarta ta rantse ba za ta kunna ba, Inna ta ce ina. Wato duk duniya saƙon nan a wuri ɗaya yake, cikin 'yar wayar da Inna ke ƙullewa a bakin zane, kuma babu mahaluƙin da ya san abin da Baba ya faɗa.

Ita wayar irin ƙananan nan ce da kamfani ke sayarwa da layinsa a ciki, a kulle take, ba ta karɓar layin kowa sai nasa. Ana saura mako biyu biki sai ƙarfen sabis ɗin kamfanin da ke kai wa Adabka ya mutu. Wasu suka ce janareto ne, wasu suka ce tsawa ce ta faɗa masa. Ɗayan kamfanin kuwa yana kamawa sarai. Dangin ango daga Anka suna ta neman uwar amarya ba sa samu, 'yan'uwanta na Bukkuyum sai saƙo suke bai wa 'yan acaɓa.

Matata ta kawo shawara mai sauƙi. Ta ce in ba Inna tsohuwar wayata da sabon layi, a bar waccan a ajiye har biki ya wuce. Na dube ta sama da ƙasa na ce, ina raye za a ce uwar amarya na yawo da wayar aro? Wannan shi ne dalilin da na faɗa. Na gaskiyar kuwa, so nake a ce wane ya buɗe wayar da kamfani ya kulle.

Da na je karɓa, Inna ta daɗe tana kwance ƙullin. Ba ta kiran sunana saboda kunyar ɗan fari, sai ta miƙo tana kallon gefe ta ce, "Kai, ka dai san abin da ke ciki."

"Haba Inna," na ce, "ni fa niɗ ɗauke shi da hannuna."

Na kwana biyu ina danna wasu lambobi da wani abokin aikina ya rubuta mini a bayan littafin darasi, waya ta ce ba ta san zancen ba. A ɓoye na kai ta wajen wani mai gyara a bakin kasuwar Gummi (a gida dai cewa na yi ni zan yi da kaina). Na tarar da iyayen ɗalibaina biyu zaune a bencinsa, suka tashi suka ba ni wuri, suna Malam kaza, Malam kaza. Mai gyara ya juya wayar ya ce, "Malam, wagga sai an wanke ta ƙal, a sake zuba mata manhaja. Duk abin da ke cikinta tahiya zai yi. Akwai abin da kaka so a kwashe?"

Na buɗe bayanta, na zaro katin memori, na ɗaga shi sama don 'yan benci su gani. Na ce komai na nan.

"Bari dai in duba cikin ita wayar," in ji shi.

Na ce ba sai ya wahalar da kansa ba. Ya sake cewa minti biyu ne kawai, Malam. Nan na ji ya taɓa mini mutunci a gaban jama'a, na ce, "Ni za ka koya ma waya?" Bawan Allah ya ɗaga kafaɗa, ya jona ta da kwamfutarsa. (Wannan katin memori, ni na saya wa Inna shi da ƙaramar sallar da ta biyo bayan rasuwar Baba, don a zuba mata karatu da wa'azi. Mai karatu ya yi lissafin da ni malamin makaranta na kasa yi.)

Waya ta buɗu. Na sa sabon layi, sabis ya cika taf. Na hau babur na nufi Adabka, ramukan hanyar nan duk ban ji su ba don daɗi. Inna ta kira ƙanwarta a Bukkuyum, murya tar, maƙwabta suka shigo ana ta sa mini albarka. Ban duba saƙon Baba ba. Ko sunansa ban nema a jerin ba, na gaya wa kaina wai ina kiyaye wasiyya ne.

Ranar kai amarya ma ban tsaya inda Allah Ya ajiye ni ba, sai da na aro 'yar sifika don kowa ya ji. Na bi mutane ina sanarwa cewa yau marigayi da kansa zai yi wa 'yarsa nasiha. Baffa, ƙanin babanmu, wanda shi ya kamata ya tsaya a madadinsa, ya ce ba zai ce uffan ba sai yayansa ya gama. Bayan la'asar motocin Anka suka tsaya a ƙofar gida, direbobi na ta hanzari don su wuce mugun wuri da sauran rana. Aka shimfiɗa buzun Baba a tsakar gida, Saratu ta durƙusa a gabansa cikin lulluɓi. Mata sun fara sharar hawaye tun ba a kunna ba. Inna ta kwance bakin zane ta miƙo mini.

Na jona sifika, na gyara hula, na shiga wajen muryoyin da aka ɗauka. Babu komai. Na fita na sake shiga. Babu.

Na koma cikin memori, na danna abin da ya fara zuwa. Sai ga muryar wani mai wa'azi ta cika gidan, yana ta faɗa a kan masu tauye mudu a kasuwa. Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Allah sarki, ciwo ya sauya mai murya." Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ba ta iya ɓoye magana ba, ta ce, "Wagga ba muryar yayana ba ta. Kai, mi kaka kunna muna?"

Na kashe. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Sabis na, Gwaggo, bai kamawa sosai."

"Sabis? Ba kai kac ce ka gyara sabis ba? Kuma maganar da ankai cikin ɗakin ga, sabis ɗin mi taka jira?"

Sai na yi abin da na iya. A gaban dangi, a gaban baƙin Anka, a gaban ƙanwata da ke durƙushe, na cire batir, na hura, na mayar. Ina jiran ta kunnu ne sai ranar da na sayi katin memorin ta faɗo mini, da rumfar da na saya, da hular da ke kaina. Baba ya yi wata huɗu a ƙasa kafin katin nan ya shiga wayar. Ashe saƙon a cikin ita wayar yake.

Na durƙusa kusa da Saratu na faɗi gaskiya, da wata murya da ni kaina ban gane ba. Na ce an wanke wayar a Gummi, saƙon ya tafi, kuma an tambaye ni, ni na hana a duba. Na so a ce wani ya zage ni, ko Gwaggo ta kwaɗa mini mari, amma ita ma sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Inna ta miƙo hannu ba tare da ta dube ni ba, na sa mata wayar, ta ƙulle a bakin zane kamar kullum. Baffa ya matso ya yi nasiha taƙaitacciya, haƙuri da biyayya da tsare salla, muryarsa na karyewa. Kukan da Saratu ta yi da aka ɗaga ta ba kukan amarya ba ne, irin wanda ta yi ne ranar da aka fita da Baba, kuma kowa a gidan ya gane.

Ban bi 'yan rakiya ba. Washegari da sassafe na sake karɓar wayar na koma wajen mai gyara, na roƙe shi don Allah don Annabi. Ya jona, ya duba, ya girgiza kai. Bai yi mini dariya ba, ya dai ce, "Malam, sau ukku nit tambaye ka." Na ce haka ne.

Bayan kamar wata guda Saratu ta kira ni daga Anka. Muka gaisa, ta tambayi yara. Can ta ce, "Yaya, kai da kad danna mai, kana nan bakin ƙohwa. Ko kalma guda ba ka jiyo ba?"

Na san ƙofar nan ta kwano ce, ko tari aka yi a ciki ana ji a waje. Na kuma san Baba ya kusa rabin awa yana magana. Ni kuwa duk tsawon lokacin ina zaune a kan turmi, kaina a sunkuye, ina wasan maciji a wayata. Na so in ƙago mata wani abu mai daɗi, in ce na ji ya ce Allah Ya yi miki albarka, amma na ga ƙarya ta yi yawa a kan mamaci. Na ce ban ji ba.

"To, ba komai, Yaya," ta ce. "Ka gaida Inna in ka tahi gida."

Abin da na koya ba wani mai zurfi ba ne, ko ɗan aji uku ya san shi: in mai sana'a ya ce bari ya duba, ka ja bakinka ka bar shi ya duba, ko da rabin garin na zaune a benci suna ce maka Malam. Ni dai sai da na kai shekara talatin da huɗu na gane, kuma ba ni na biya kuɗin makarantar ba, Saratu ce.