Duktur Kabo Ya Yanke wa Sayantoloji Hukunci

Duk wanda ya zauna a Jarwal bai taɓa jin jawabin Duktur Mukhtaru Kabo ba, ya yi asarar zaman Makka. Mutum ne da ilimi ya yi masa yawa har yana zuba. Digirinsa ba a san jami'ar da ta ba shi ba, amma wannan tambayar 'yan hassada ce. Abin da aka sani, ya taɓa tura wani alhajin Amurka a keken marasa ƙarfi kwana uku a Mina, ya dawo gida masanin addinan duniya. A gabansa ana kiransa Kogin Ilimi, a bayansa Duktur Rabin Bidiyo, don wai da rabin bidiyo yake haɗa lacca.

Da dattawa suka ce za su naɗa shugaban kwamitin sulhu na unguwa, tsakaninsa da Awwalu mai gyaran firji, Duktur ya ji kunyar haɗin. Ya kama istiraha, wato gidan taro na haya, ranar Alhamis bayan La'asar, ya sa aka dafa shayi, ya sanar da lacca: shin Sayantoloji addini ne ko kamfani? Babu wanda ya taɓa jin sunan a Jarwal, abin da ya sa ya zaɓe shi ke nan. Mai ido ɗaya a garin makafi ai sarki ne.

"Ya jama'a," in ji shi yana gyara mishlahin da ya aro, alkyabbar nan ta Larabawa, "Turawa sun yi shekaru suna gardama. Wata ƙasa ta ce addini ne, wata ta ce a'a. Ni yau zan raba musu."

Ya yi awa guda yana rabawa. Dattawa suka yi ta gyaɗa kai, wasu don gamsuwa, wasu don gyangyaɗi. Sannan ya zo kan hujjarsa mafi girma.

"Masu sukarsu sun ce in ɗan'uwanka ya soki tafiyar, sai a sa ka yanke shi. Ba gaisuwa, ba ziyara. In haka ne, wallahi duk inda aka yanke zumunci don an ji zafin suka, babu addini a wurin. Halas, magana ta ƙare."

Nan wani ya ɗaga hannu daga can baya. Munzali ne, ƙanen Duktur uwa ɗaya uba ɗaya. Bene ɗaya suke zaune a unguwar Utaibiyya, amma shekara tara ke nan Duktur bai amsa sallamarsa ba, tun ranar da Munzali ya gyara masa wata aya a gaban baƙi. 'Ya'yansa ma ya hana su hawa sama gaishe da baffansu.

"Yaya," in ji Munzali a hankali, "wanda ya yi hakan shi kaɗai, ba ƙungiyar da ta sa shi, shi kuma me ake ce masa?"

Duktur ya kalli fanka, ya kalli kofin shayinsa. Amsar tana bakinsa, amma amsawa magana ce, shi kuwa ba ya karya ƙa'idarsa. Sai ya juya ga Hatim, surukinsa da ke zaune a gefe.

"Hatim, gaya wa wancan mutumin lokacin tambaya ya wuce."

Kafin Magariba dattawa suka naɗa Awwalu mai firji. Amma ba su manta da Duktur ba, don kwamitin ya ba shi matsayi na farko: shari'arsa da Munzali aka fara saurara.