Rasuwar Jar Kular Gidan Malam Shekari

Da zukata masu nauyi, da baƙin cikin da muka rasa inda za mu sauke shi, iyalan Malam Shekari Bature na East Greensboro suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Jar Kula, kular abincin gidan. Ta cika ne a ƙarshen makon jiya, can kan duwatsun dajin Pisgah, a hannun wata baƙar beyar, dabbar nan mai kama da ƙaton kare wadda hancinta ke jiyo abinci daga bayan tsauni.

Marigayiya ta fara rayuwa a Kafanchan, ranar da Zumuntar Mata suka sayo ta suka ba amarya Ƙauna, matar Malam Shekari. Da biza ta fito, Mama Ƙauna ta bar turminta, ta bar keken ɗinkinta, amma kular nan sai da ta cusa mata zannuwa ta rungumo ta har cikin jirgi. Ta yi hidima sama da shekara ashirin a ƙasar nan, ba hutu ba ƙorafi. Tuwon da aka zuba mata da asuba, da zafinsa Malam yake cinsa da rana a siton da yake aikin lodi. Abokan aikinsa da suka fara toshe hanci saboda daddawa, daga baya su ne suke zuwa da cokulansu. Babu gidan suna ko gidan makoki daga nan har Summerfield da ba ta shiga ba, kuma ba a taɓa maido ta wayam ba. Ba ta da surutu. In an murɗa murfinta ta ce ƙyas, sannan ta saki numfashi, fuuu, iyakar maganarta ke nan.

Tun da Allah ya yi wa Mama Ƙauna rasuwa bara waccan, ba a ƙara zuba wa marigayiya ko loma ɗaya ba, kuma Malam ya hana sabulu ya taɓa ta. Sai mu faɗi dalili a fili, tunda yanzu babu abin ɓoyewa. Zannuwan Mama sun daina ƙanshinta tun cikin watannin farko. Amma robar cikin kular ta sha miyarta har ta zama jiki: daddawa, man ja, citta, da wani abu guda da babu wanda ya iya gano sunansa. In Malam ya dawo aiki yakan buɗe ta, ya sa fuska, ya yi maza ya rufe don kada ƙanshin ya ƙare. Abin da ya rage masa na matarsa ke nan a duniya.

Ga yadda ajali ya zo. Lucia, 'yarsa tilo, ta gaji da ganin uban daga aiki sai kujera. Ita kuwa ma'abociyar shiga daji ce da ƙafa, kaya a baya, kwana a tanti, abin da mu nan har yau muke mamakin yadda mutum zai bar gado mai katifa ya je ya yi. Ta lallaɓa shi har ya yarda, amma da sharaɗin za a tafi da kular, domin Mama Ƙauna ta sha cewa duwatsun nan kamar na Kagoro suke, kuma ba ta samu zuwa ba. Lucia ta ce jaka ta cika. Malam ya ciro rigar sanyinsa ya ajiye, ya sa kula.

A wurin kwana Lucia ta bi ƙa'ida yadda ake bi. Nesa da tanti suka yi girki. Abinci, ledar kilishi, man goge baki, sabulu, man shafawa, duk ta zuba su cikin wata 'yar ganga mai tauri da aka yi musamman don beyar, ta kulle murfin, ta kai ta can nesa ta ajiye. Kula ta fi bakin gangar girma.

"Baba, duk abin da ke da ƙanshi ba ya kwana kusa da mu," in ji Lucia. Da Turanci take yi, yana ba ta amsa da Hausa, yadda suka saba.

"To ai babu komai a cikinta."

"Baba, kai ka fi kowa sanin akwai."

Tanti dai an hana. Ta ce a ajiye ta kusa da gangar, ya ce kayan Ƙauna ba sa kwana a ƙasa. Sai ya karɓi igiya ya zauna a kan dutse, ya shiga saƙa ragaya, irin wadda uwarsa take rataye ƙwaryar abinci da ita a tsakiyar ɗaki. Hannunsa bai manta ko ƙulli ɗaya ba. Lucia ta ce in dai rataya za a yi, sai an kai ta sama sosai, kuma nesa da jikin itacen. Amma saƙa ta riga ta cinye igiyar, ɗan guntun da ya rage bai wuce reshen da hannu ke kaiwa ba.

"Ɓera bai taɓa cin ragayar uwata ba," in ji Malam. "Ko kyanwa sai dai ta zauna ta yi kallo."

Yana murmushi ya faɗa, murmushin da Lucia ba ta gani ba tun ranar jana'izar uwarta. Ta san ba daidai ba ne, amma ta kasa ƙwace masa shi, ta ce to.

Da gari ya waye suka tarar da gangar ta gangara cikin ciyawa, duk jikinta yakushi, amma murfinta ko motsi bai yi ba. Ragaya kuwa tana lilo, babu kowa a ciki. Marigayiya tana ƙarƙashin itacen a tsage gida biyu, farin soson cikinta a watse. Dabbar ta yi ta tonon abincin da hancinta ya rantse mata yana nan, ba ta samu komai ba. Murfin sai can bakin rafi Malam ya tsinto shi. Bai goge shi ba, ya kai hanci, ya daɗe a haka.

"Baba?"

"Warin dabba ne kawai," ya ce.

Nan ya zauna a ƙasa ya yi kukan da bai yi ba a maƙabarta. Lucia tana nata kukan tana tsince gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, domin ba a barin ko ɓarɓashi a daji.

Marigayiya ta rasu ta bar ludayin miya, abokin aikinta na tsawon rai, da ƙananan kwanuka biyu, da wata tukunyar lantarki da ba su taɓa shiri ba. Ta bar Lucia, wadda ke cewa laifinta ne, da Malam Shekari, wanda ya hana ta faɗin haka. Iyalan suna roƙo kada a zagi beyar, domin Malam ya ce abin da ke kai shi bakin kular nan kullum shi ya kawo ta. Suna kuma gode wa waɗanda suka aiko da sababbin kuloli, har guda nawa, amma don Allah a dakata haka. Ƙanshin kanti suke yi.

Za a binne marigayiya ranar Asabar da hantsi, a bayan gida, gefen da ake shuka yakuwa. Fasto Nanven ya ce ba zai iya wa'azi a kan kula ba, amma zai zo ya tsaya.

Bayan nan akwai roƙo daga Lucia, wadda ba ta taɓa haɗa miyar kuka da hannunta ba. Ta sayo daddawa da man ja da citta. Tana roƙon iyayenmu mata, duk wadda ta taɓa tsayawa kusa da Mama Ƙauna tana girki, ta zo da wuri ta faɗi abin da idonta ya gani, ko da ƙanƙane ne. Malam Shekari ya ce shi ba zai shiga kicin ba. Zai zauna a falo da ƙofa a buɗe, in an dace zai sani.